Ƙashi Ya Haɗe, Raɗaɗi Ya Ƙi Tafiya

(Jawabin da aka gabatar a taron ɗalibai da ma'aikata 'yan asalin Kiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa, a Ƙafin Maiyaki)



Muna godiya ga waɗanda suka shirya wannan zama, da suka ga ya dace a ba mu dama mu ce wani abu a kan sha'anin lafiya. Ba za mu yi magana a kan zazzaɓin cizon sauro ko ƙyanda ko sanƙarau ba, domin waɗannan kowa ya san su, hukuma kuma tana yi musu shela a rediyo. Abin da muka zaɓa wata cuta ce wadda ba ta da suna a bakin mutanenmu. Ba ta kisa, ba a kuma ɗaukarta daga wani, amma tana iya mai da ƙaƙƙarfan manomi abin tausayi a tsakiyar damina. Daɗin daɗawa, tana jawo wa mai ita zargi iri biyu: ko dai a ce jifa aka yi masa, ko kuwa a ce raki ne kawai da son jiki. Nufinmu a yau shi ne mu nuna cewa duka zargin nan biyu kuskure ne, cewa cutar tana da dalilai da alamomi waɗanda masana suka tantance, sa'an nan kuma saurin gane ta shi ne ke ceton hannu ko ƙafar mai ita.

WACE CUTA CE WANNAN?

A bisa al'ada, in mutum ya karye ko ya yi targaɗe, zafin yakan yi tsanani a kwanakin farko, sa'an nan ya riƙa raguwa har ya ɓace yayin da ƙashi ya haɗe. To, akwai mutane kaɗan waɗanda al'amarinsu ke juyewa. Ƙashi ya haɗe, an kwance ɗori, rauni ya rufe, amma maimakon sauƙi sai hannun ko ƙafar ta ɗauki wani irin raɗaɗi kamar an tsoma ta a garwashi. Raɗaɗin nan ya fi ƙarfin raunin da ya haddasa shi nesa ba kusa ba, ya zarce lokacin da ya kamata a ce an warke, kuma ba ya tsayawa a daidai gurbin raunin. Wanda ya karye a wuyan hannu sai ya ji dukan tafin hannun da yatsu suna ci da wuta, kamar ya sa safar hannu ta wuta.

Likitoci suna taƙaita sunan cutar da haruffa huɗu, watau CRPS, ma'anarsa kuwa ita ce ciwo mai sarƙaƙiya da ke kama sashe guda na jiki. Mu a wannan jawabi za mu kira ta raɗaɗin bayan rauni. Iri biyu ce. Iri na farko, wanda shi ne kusan 9 cikin 10, yana zuwa ba tare da an ga wata babbar jijiya da ta yanke ba. Iri na biyu kuwa yana biyo bayan lahanin da ya sami wata sananniyar jijiya, kamar a harbin bindiga ko saran adda. A lura, a duk inda muka ce jijiya kurum, muna nufin jijiyoyin nan masu kai saƙo tsakanin gaɓɓai da laka da ƙwaƙwalwa. Masu ɗaukar jini za mu kira su jijiyoyin jini.

Me ya sa zancen ya shafe mu? Duk wanda ya san ƙasar nan tamu ya san karaya ba baƙuwa ba ce. Ga babbar hanyar Kano zuwa Zariya, ga wadda ta bi ta Tudun Wada ta ratsa dajin Falgore ta nufi Jos, kowace da haɗarinta na mota da babur. Ga masu noman rani, waɗanda suka yawaita tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, suna fama da injin ban ruwa da amalanke. Ga masu haƙar ma'adinai a Riruwai. Ga kuma iyayenmu mata tsofaffi, waɗanda santsi kan kwashe a bakin rijiya ko a makewayi, su dafa ƙasa da hannu, wuyan hannun ya karye. Wannan karaya ta wuyan hannu kuwa tana cikin manyan ƙofofin da cutar ke shigowa ta cikinsu.

TAƘAITACCEN TARIHI

Wanda ya fara bayyana cutar dalla-dalla wani likita ne Ba'amurke mai suna Silas Weir Mitchell, a lokacin yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865. Shi da abokan aikinsa biyu, George Morehouse da William Keen, sun kula da sojojin da harsashi ya taɓa musu jijiya a wani asibiti a birnin Filadelfiya, suka buga abin da suka gani a 1864. Sun ga sojoji, mazaje waɗanda suka tsaya gaban igwa, suna naɗe hannu da jiƙaƙƙen tsumma dare da rana, wasu har suna zuba ruwa a cikin takalmansu. Sun ga fatar hannun ta yi sulɓi tana ƙyalli. Sun kuma lura cewa hucin iska, ko ƙarar takarda, ko takun wani a cikin ɗaki, sun isa su tayar wa majinyacin da azaba. Daga baya aka sa wa ciwon suna kosaljiya, daga kalmomin Girkanci biyu masu ma'anar ƙuna da ciwo.

A 1900 wani likitan fiɗa na birnin Hambug a Jamus, Paul Sudeck, ya yi amfani da hoton ƙashi, wanda a lokacin sabon abu ne, ya nuna cewa ƙasusuwan gaɓar da ke ciwon sukan zaizaye su yi dabbare-dabbare. A 1946 wani likita a Amurka, James Evans, ya ba ta wani sunan dabam, saboda zaton da ake yi cewa laifin duka na jijiyoyin da ke sarrafa zufa da gudun jini ne. Da aka ga bayanin nan bai game kowa ba, sai masana suka taru a birnin Olando a 1993 suka amince da sunan da ake amfani da shi yanzu, aka buga shi a 1994. A 2003 kuma aka sake zama a Budafes, babban birnin Hangare, aka tsara ƙa'idojin da likita zai bi ya gane cutar.

Game da yawanta, wani bincike da aka buga a 2003 daga wata gunduma a jihar Minesota ta Amurka ya sami kimanin mutum 5 cikin kowane 100,000 a shekara. Wani kuma daga ƙasar Holan a 2007 ya sami 26 cikin 100,000, ya nuna mata sun ninka maza sau uku ko fiye, an fi samunta ga mata masu shekara 61 zuwa 70, kuma karaya ce sanadi a kashi 44 cikin 100. In muka ɗauki ƙaramin adadin muka auna da mutanen Jihar Kano, waɗanda ƙidayar 2006 ta ce sun kai miliyan 9.4, lissafi zai ba mu kusan mutum 500 a kowace shekara. Wannan lissafin alli ne kawai, amma ya isa ya nuna mana cewa ba tatsuniyar Turawa muke yi ba.

ALAMOMINTA MASU BAN MAMAKI

Ƙa'idojin Budafes sun kasa alamomin gida huɗu, za mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Na farko, sauyin ji. Abin da bai kamata ya yi zafi ba sai ya zama azaba. Hannun riga, mayafi, ruwan alwala, iskar hunturu, ko ƙuda ya sauka a fata, duka sai mai ciwon ya ji kamar an ɗora masa wuta. Abin da kuwa da ma yake da ɗan zafi, kamar tsinin allura, sai ya ninka. Shi ya sa za ka ga mutum ya ƙi ba da hannu a gaisa, yana tafe yana kāre hannunsa a cikin kasuwa kamar mai ɗauke da ƙwai. Wanda bai sani ba sai ya ce girman kai ne.

Na biyu, sauyin ɗumi da launi. Hannu ɗaya ya fi ɗan'uwansa zafi ko sanyi, har mai taɓawa ya ji bambancin. Galibi a watannin farko gaɓar takan yi ɗumi, in ciwon ya daɗe kuma ta koma sanyi ƙalau. A nan akwai abin lura gare mu. Littattafan likitanci suna cewa fatar takan yi ja ko shuɗi, domin a kan farar fata aka fara siffanta cutar. A fatarmu ta baƙaƙe abin da za a gani shi ne ta ƙara duhu, ko ta yi toka-toka, ko ta yi dabbare-dabbare. Hanya mafi sauƙi ita ce a jera hannuwan biyu a cikin haske a gwada su, a duba tafin hannu da ƙarƙashin farce, sa'an nan a ji ɗuminsu da bayan hannu.

Na uku, kumburi da zufa. Gaɓar takan kumbura, kumburin ya tafi ya dawo. Wani lokaci hannu ɗaya ya riƙa tsatsafar da gumi alhali ɗayan a bushe yake, ko kuwa mai ciwon ya bushe ƙamas ɗayan yana gumi.

Na huɗu, sauyin motsi da na fata da gashi da farce. Yatsu su sandare, ƙarfi ya ragu, hannu ya riƙa karkarwa. Ga wasu yatsun sukan dunƙule su ƙi buɗewa, ko ƙafa ta murɗe ciki. Gashin wurin ya yi saurin tsiro ya yi kauri, ko ya zube. Farce ya yi saurin tsawo, ko ya tsaya, ya yi kaushi yana tsagewa. Fata ta yi laushi tana ƙyalli.

Bayan waɗannan akwai wata alama wadda ta fi duka rikita jama'a. Masu ciwon da yawa sukan ce hannun ba nasu ba ne, kamar an ɗauko na wani an liƙa musu. Wani ya ce sai ya zuba wa hannun ido ya yi niyya sosai kafin ya motsa. Wani ya ji hannun ya yi girma ƙwarai fiye da yadda ido ke gani. Wani ya tsani gaɓar har ya roƙi a yanke masa ita. A ƙasarmu, da zarar mutum ya furta irin wannan magana, sai a dubi juna a ce iska ce ta shafe shi. Alhali kuwa alama ce sananniya da likitoci suka rubuta a ƙasashe dabam-dabam, ga mutanen da ba su taɓa jin labarin juna ba. Haka nan ciwon yakan hau sama ya bi gaɓar, jefi-jefi ma ya tsallaka zuwa ɗaya hannun ko ƙafar.

Babu wani gwajin jini ko hoto guda da ke tabbatar da cutar. Likita yakan yanke hukunci ne in ciwon ya zarce raunin, majinyaci ya ba da labarin alamomi daga gida uku cikin huɗun nan, likitan ya ga alamomi daga gida biyu da idonsa, sa'an nan babu wata cuta da ta fi dacewa da abin da aka gani.

ME KE KAWO TA?

Tilas mu raba tambayar nan biyu: abin da ke tayar da cutar, da abin da ke faruwa a cikin jiki.

Abin da ke tayar da ita, mafi yawa karaya ce, sai targaɗe, sai aikin fiɗa a hannu ko ƙafa, sai sara ko harbi. Takan biyo bayan shanyewar ɓarin jiki. Takan kuma biyo bayan allurar da aka soka ba daidai ba a ɗuwawu ta taɓa babbar jijiyar ƙafa, abin da ya kamata masu zuwa wurin kowane mai allura su yi tunani a kai. Girman rauni ba shi ne ma'auni ba, don ƙaramin targaɗe yana iya jawo ta, mummunar karaya kuma ta warke lafiya lau. Binciken da aka yi a kan masu karaya ya nuna tsakanin 4 zuwa 7 cikin 100 ne ke kamuwa. Wani da aka buga a 2014, wanda ya bi mutum 1,549 masu karayar wuyan hannu, ya gano cewa waɗanda zafinsu ya yi tsanani ƙwarai a makon farko su ne suka fi shiga haɗari.

Abin da ke faruwa a cikin jiki kuwa, masana sun gano abubuwa huɗu da ke haɗuwa. Na ɗaya, kumburin da jiki ke tayarwa don gyaran rauni yakan ƙi lafawa, ƙananan jijiyoyi su yi ta zubo sinadaran da ke buɗe jijiyoyin jini suna ƙara kumburi da ɗumi. Na biyu, laka da ƙwaƙwalwa, saboda yawan saƙon zafi da ke isa gare su, sai su zama masu saurin firgita. Misalinsu kamar mai gadin da ɓarayi suka taɓa shiga gidansa ne, daga ranar ko kaza ce ta motsa sai ya yi kururuwa. Na uku, jijiyoyin da ke aiki ba da umarninmu ba, masu sarrafa zufa da faɗin jijiyoyin jini, sukan rikice, wannan ne ke kawo bambancin ɗumi da launi da gumi. Na huɗu, garkuwar jiki tana da hannu. A 2014 masana daga Libaful ta Ingila da birnin Pecs na Hangare sun ɗebi sinadaran garkuwa daga jinin masu ciwon suka sa wa ɓeraye masu ɗan rauni a ƙafa, sai ƙafar ɓerayen ta ƙara kumburi da jin zafi. Ɓera dai bai san raki ba, ba shi kuma da abokin gaba da zai yi masa sammu.

Akwai kuma sanadi na biyar, wanda shi ya fi shafarmu, watau ɗaure gaɓa da hana ta motsi. A 2008 masana a ƙasar Denmak sun sa wa mutum 30 masu ƙoshin lafiya filasta a hannu har mako huɗu, ba tare da sun karye ba. Da aka cire, sai aka sami yawancinsu suna jin zafi in sun motsa hannun, ɗumin fatar ya sauya, sanyi kuma yana damunsu fiye da da. Watau rashin motsi kaɗai ya isa ya haifar da wasu alamomin cutar ga lafiyayyen mutum. To, ina ga wanda ya karye, aka ɗaure shi tamau da karare da tsumma, aka ce kada ya kuskura ya motsa ko yatsa har wata biyu?

Ba muna nufin mu ci mutuncin masu ɗori ba ne. Sana'a ce ta gado, sun kuma yi wa jama'a hidima tun kafin a buɗe Asibitin Ƙashi na Dala a 1959, har gobe kuma su ne mafi kusa da talaka. Filastar asibiti ma in ta matse tana yin irin wannan ɓarna. Abin da muke cewa shi ne matsi da daɗewa a ɗaure haɗari ne, ko a hannun wa aka same su.

Sai batun zuciya. An daɗe ana cewa cutar ta masu raunin zuciya ce. Binciken da ya bi masu karaya tun daga ranar farko bai sami cewa damuwa ko halin mutum ne ke nuna wanda zai kamu ba. Gaskiya ne wanda ya yi wata shida bai yi barcin kirki ba, gonarsa ta zama saura, mutane kuma suna ƙaryata shi, dole ransa ya ɓaci. Amma ɓacin ran ɗa ne ga ciwon, ba shi ya haife shi ba.

KADA A RIKITA TA DA WASU

Ba kowane ciwon gaɓa ne wannan cuta ba, kuskure a nan kuwa yana iya jawo asarar gaɓa ko rai. In an yi ɗori ko filasta, sai yatsu suka kumbura, suka yi sanyi, suka yi baƙi ko suka mutu, zafi kuma yana ƙaruwa musamman in an miƙe yatsun, to jini ne ya kasa wucewa. Wannan al'amari ne na sa'o'i, ba na kwanaki ba. A sassauta ɗaurin nan take a nufi asibiti, in ba haka ba gaɓar tana iya ruɓewa har a yanke ta. In akwai zazzaɓi da ruwa ko mugunya, ƙwayoyin cuta ne suka shiga. In ƙafafu biyu ne ke zugi tare kamar ana tsira allura, a gwada ciwon suga. In fata ta yi tabo mai haske wanda ba ya jin taɓi, a duba kuturta, wadda ke da magani. In yaro ne mai yawan ciwon ƙashi da ke tafiya yana dawowa, a gwada sikila. Saboda haka ne muke cewa likita ne zai tantance, mu namu shi ne mu kai mutum da wuri.

ME ZA A YI?

Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Masu ciwon da yawa suna samun sauƙi sosai a cikin shekarar farko, amma akwai waɗanda yake zame musu na shekaru, kuma jinkiri yana ba gaɓa damar sandarewa.

Rigakafi yana farawa tun ranar karaya. Kada ɗauri ya matse. A ɗaga gaɓar sama don kumburi ya sauka. Yatsun da ba a ɗaure ba a riƙa motsa su kullum, haka kafaɗa da gwiwar hannu. Kada a bar ɗori ya wuce lokacin da ƙashi ke bukata. Wasu likitoci suna ba da bitamin C, miligiram 500 kullum har kwana 50, bayan karayar wuyan hannu, saboda binciken da aka yi a Holan a 1999 da 2007 ya nuna yana rage kamuwa, ko da yake wani da aka yi a Sikotlan a 2014 bai ga wannan amfani ba.

In cutar ta riga ta kama, ginshiƙin magani shi ne a mai da gaɓar bakin aiki sannu a hankali, a ƙarƙashin kulawar likitocin motsa gaɓɓai, waɗanda aka fi sani da masu gashin ƙashi. Ana samunsu a Dala, da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Dabarunsu da yawa ba sa bukatar kuɗi. Akan sake sabar wa fata da taɓi, a fara shafa ta da auduga, in ta saba a koma ƙyalle, sa'an nan tawul, har mutum ya iya cusa hannu a cikin ƙwaryar gero. Akan kuma yi amfani da madubi: a ɓoye hannu mai ciwo a bayansa, a riƙa motsa lafiyayyen ana kallon hotonsa, sai ƙwaƙwalwa ta ga kamar mai ciwon ne ke motsi ba tare da zafi ba. An fara gwada dabarar nan ga masu wannan cuta a Ingila, aka buga sakamakon a 2003, ta kuma fi amfani ga waɗanda ciwonsu bai daɗe ba.

Akwai magunguna da likita kan haɗa da motsa jikin: masu kashe kumburi na ɗan gajeren lokaci a farkon ciwo, masu hana ƙashi zaizayewa, da masu kwantar da jijiya. Amfaninsu shi ne su rage zafi har mutum ya iya motsi. Ba abin saye a kemis ba ne bisa shawarar aboki. Muna jan kunne musamman a kan tiramadol da danginsa. Ba su ne maganin wannan ciwo ba, ga kuma saurin kama mutum, kuma duk mun ga abin da shaye-shayen irin waɗannan magunguna ya yi wa matasanmu, har Gwamnatin Tarayya ta hana maganin tari mai kodin a 2018.

Abubuwan da za a guje wa su ne tsaga da ƙaho da sakiya a kan gaɓar, da gasa ta da tafasasshen ruwa, da murza ta da ƙarfi, da sake ɗaure ta. Jikin da ƙaramin rauni ya tayar wa wannan fitina, sabon rauni ƙara masa wuta zai yi. Yanke gaɓar ma ba tabbas ba ne, don sau da yawa raɗaɗin yakan zauna a dungun, ko mutum ya ci gaba da jin sa a gaɓar da babu ita. Addu'a kuwa ba ta hana zuwa asibiti, a haɗa su biyu.

NAUYIN DA KE KANMU

'Yan'uwa, dukiyar talakawan ƙasar nan ce ta kai mu makaranta, kuma a ƙauyukanmu in an rasa gane abu mu ake tambaya. Saboda haka muna ba da shawara huɗu.

Ta farko, mu gaskata mai ciwo. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Matar da ta ce ba ta iya riƙe taɓarya ko muciya wata uku bayan an kwance mata ɗori, kada mu bari uwar miji ko abokiyar zama su sa mata sunan malalaciya, kada kuma a tafi neman wanda ya yi mata asiri a raba zumunci a banza. Mu jera hannuwanta biyu mu duba, mu kai ta asibiti.

Ta biyu, yayyenmu ma'aikata, musamman malaman asibiti da malaman makaranta da malaman gona, ku ne kuke cuɗanya da jama'a kullum. Ku riƙe wannan ƙa'ida: duk zafin da ke ƙaruwa maimakon raguwa bayan rauni, tare da kumburi ko sauyin ɗumi ko ƙin taɓi, a tura shi gaba ba tare da jinkiri ba. Ku da ke ofis kuma, in ƙaramin ma'aikaci ya kawo irin wannan kuka, kada a yi saurin rubuta masa takardar gargaɗi don kawai hoton ƙashinsa ya nuna ya haɗe.

Ta uku, mu je wurin masu ɗori da ladabi, a matsayinmu na 'ya'yansu, mu tattauna da su a kan matsi da daɗewar ɗauri da motsa yatsu, da alamomin da in sun gani za su tura mutum asibiti. Muna roƙon iyayenmu hakimai da dagatai su shige mana gaba, don maganarsu ta fi tamu nauyi.

Ta huɗu, muna kira ga ƙananan hukumominmu huɗu da Ma'aikatar Lafiya ta Jiha su ƙarfafa sashen motsa gaɓɓai a manyan asibitocin yankin nan. Jinyar wannan cuta zuwa ce ta mako-mako har watanni, kuma manomin Doguwa ba zai iya biyan kuɗin mota zuwa Kano kowane mako ba. Jami'ar Bayero tana horar da masu wannan sana'a, sai a ɗauke su aiki a kawo su kusa da jama'a. Ƙannenmu da ke shirin shiga jami'a kuma su sani fanni ne mai daraja da ake bukata a gida.

Shugaban taro, rashin sani ya fi dare duhu. Fiye da shekara 160 ke nan da aka rubuta alamomin wannan cuta, bai kamata a ce har yanzu mai ita a ƙasarmu yana fama da ciwo biyu ba, na jiki da na zargi. Muna fata kowa zai koma garinsu da abin da ya ji, ya faɗa wa na gida.  Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ƙara mana lafiya da zama lafiya.